Godiya ga duk wanda ya ɗauki saƙonmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Yau kwana uku da sunan ɗiyarmu, sai yanzu na samu ta yi barci Inna kuma ta fita duba ruwan wanka, shi ne na ce bari in rubuta wanga saƙo tun kafin a kira ni, don wallahi godiya ta cika min ciki kuma in na ce gida gida zan bi to sai dai bayan arba'in.

Alhamdulillahi an yi suna lafiya an watse lafiya, an maida sunan mahaifiyar babanta, Ummi za a riƙa ce mata. Waɗanda sunka taho daga Ƙaura Namoda da Talata Mafara da Sakkwato duk da yadda hanya take, Allah ya saka muku da alheri, na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya hau mota a wanga lokaci don kawai ya zo ya ce barka.

Amma ni godiyata ta faro tun can baya. Da yawa cikinku kun san mun haɗu da Abban Ummi a 2019 wurin bikin ƙawata, ya zo hutu daga Khartoum inda shike karatu a Jami'ar Afirka, sati biyu kacal ya koma. Daga nan sai waya. Su can suna gabanmu da awa ɗaya, to sai ya jira in gama aikin gida in yi isha'i sannan ya kira, wani lokacin data ta ƙare ana tsakiyar magana in kwana ina jin haushi. 2020 korona ta zo anka rufe filayen jirgi, hutun da na ƙirga kwanakinshi a kalanda ya wuce bai zo ba. Mutane sun yi magana sosai, wai wa ke jiran ɗalibi, wai in ya gama 'yar can zai ɗauko. Ban riƙe kowa ba, wasu ma tausayina suke ji da gaske. Amma Baba bai taɓa matsa min ba, duk wanda ya zo da maganar wani sai ya ce ku bar ta, yaron ya aiko magabatanshi kuma ni ban ga abin ƙi ba. Baba Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka ga auren Ummi.

Sai watan Satumba na 2021 da anka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Wanda bai zauna Gusau a lokacin ba ba zai gane ba, waya a hannunka amma ta zama fitila kawai. A nan ne Kawuna direba ya yi min abin da har in mutu ba ni mantawa. Shina lodin Zariya, to sai in ɗauki muryata a WhatsApp da dare in tura, saƙon ya tsaya bai tafi ba, da asuba in ba shi wayar a naɗe cikin leda ya sa a aljihu, in ya isa inda akwai sabis ya kunna data saƙona ya tafi, na Abban Ummi su shigo, ya dawo min da ita washegari ko bayan kwana biyu. Dattijo da furfurarshi, ko sau ɗaya bai tambaye ni mi ke ciki ba, bai kuma taɓa yi min dariya ba, in ya miƙo min sai dai ya ce ɗiyata ga amanarki. Haka munka yi har sabis ya dawo cikin gari. Kawu na gode, na gode, Allah ya tsare ka a kan hanya, ya ba ka motar kanka.

Wanda ya fi duka tsanani shi ne na 2023. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya tashi a Khartoum, muna cikin goman ƙarshe na azumi, saura kaɗan ya kammala karatu. Ina jin ƙarar harbi ta cikin waya in ya kira, daga baya wuta ta ɗauke musu caji ya ƙare, sai shiru. Sallar shekarar ko lalle ban sa ba. Da anka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar sunka yi kwanaki a can cikin rana da ƙishirwa suna jiran a bar su su shiga, Hajiya mahaifiyarshi ita ke aiko ƙanwarshi kullum ta zo ta zauna da ni, alhali ita ce ta fi ni buƙatar lallashi, kuma lokacin ko sa rana ba a yi ba. Tun ran nan na san uwa na samu. Malaman islamiyyarmu da sunka sa yara addu'a, da maƙwabtanmu na Tudun Wada da ke shigowa tambaya safe da yamma, da abokinshi ɗan Argungu da ya ara mai waya a bakin iyaka ya kira ni na minti ɗaya, duk ina sane da ku. Cikin watan Mayu jirgi ya sauke su Abuja, ya iso Gusau da jaka ɗaya, ya rame har sai da na yi kuka da na gan shi.

Ƙarshen shekarar anka ɗaura aure. Lefe daidai ƙarfi aka yi, Gwaggo ta ce wanda ya tsira da rai ba a tambayarshi akwati nawa, yayyena sunka haɗa min kayan ɗaki ba tare da na sani ba. Zama wuri ɗaya ma sai da munka koya, shekara huɗu na san muryarshi amma ban san ba ya son yaji ba sai da na tare, shi ma bai san ina da saurin fushi da safe ba. Ya yi haƙuri da ni ƙwarai, yanzu shina koyarwa nan cikin gari, da la'asar ina jin ƙarar mashin ɗinshi a ƙofar gida, har yau in na ji sai raina ya yi sanyi. Abban Ummi ba zan iya faɗin naka a nan ba, ka sani.

Ma'aikatan jinya da sunka tsaya kaina daren haihuwa, da matan unguwa da sunka kwana suyar rago da damun kunu, Allah ya biya ku. Wanda gayyata ba ta kai gare shi ba ya yafe min, ruɗewa ce ba raini ba, ina gidan Baba har arba'in ƙofa a buɗe take.

Ranar suna Kawu ya karɓi Ummi ya daɗe shina kallonta, ya tofa mata addu'a, sannan ya miƙo min ita ya ce ɗiyata ga amanarki. Ga Inna nan tana kira ruwa ya tafasa, sai na sake leƙowa.