Tarihin Rayuwar Carl Orff, Kashi na Uku: Makarantar Günther

A makon jiya mun rabu da Carl Orff, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Jamus, bayan ya tsira daga yaƙin duniya na farko, inda ramin fakewar sojoji ya rufta da shi a 1917, ya yi ɗan aikin jagorancin makaɗa a gidajen wasan kwaikwayo na Mannheim da Darmstadt, sannan ya tattara ya koma garinsu Munich. Ya auri wata mawaƙiya mai suna Alice Solscher a 1920, suka haifi 'yarsu Godela a shekarar da ta biyo baya, amma auren bai yi ƙarko ba. A wannan lokaci babu wanda ya san sunansa sai 'yan tsirarun abokan sana'a, kuma mafi yawan lokacinsa yana tafiya ne wajen nazarin tsofaffin ayyukan mai tsara kiɗa Claudio Monteverdi na Italiya, wanda ya rasu tun 1643.

A 1923 ya haɗu da Dorothee Günther, malamar motsa jiki da rawa, wadda ta daɗe tana burin buɗe makarantar kanta. Jamus ta wancan zamani tana cikin zazzaɓin wata sabuwar rawa da Mary Wigman ta yi fice a kanta, rawar da ake yi ba takalmi, wani lokaci ma ba kiɗan komai sai ganga da kuge. Orff ya ga wannan rawa, ta kuma shiga ransa matuƙa. A watan Satumba na 1924 su biyun suka buɗe makarantar da aka sa wa sunan Günther a Munich, da ɗalibai 17, dukkansu 'yan mata da suka kai munzalin girma, aka kuma damƙa wa Orff sashen kiɗa.

Abin da ya tarar a irin waɗannan makarantu shi ne a ajiye mutum ɗaya a lungun ɗaki yana buga piyano, ɗalibai suna bin abin da ya buga da ƙafafunsu. Orff bai yarda da wannan tsari ba. A ganinsa mai rawa ita ya kamata ta samar da kiɗan da za ta taka, domin magana da kiɗa da motsin jiki daga tushe ɗaya suka fito, makarantun Turai ne suka raba su. Saboda haka darasinsa yakan fara da abin da kowa ya zo da shi daga gida: tafi, da buga ƙafa a ƙasa, da bugun cinya, da ƙyasta yatsu. Daga nan sai a ɗauki kalma ɗaya ko gajeren zance a yi ta maimaitawa har amonsa ya fito, wata ɗaliba ta riƙe wannan a matsayin gindi, wata kuma ta ƙirƙiro nata a kai nan take, ba tare da an rubuta mata komai a takarda ba. Mai karatu da ya taɓa tsayawa kusa da 'yan mata suna gaɗa zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kuma gaskiyarsa ne. Amma a Munich ta 1924, inda koyon kiɗa yake nufin shekaru ana haddar rubutu kafin a yarda yaro ya ƙirƙiri ko da layi ɗaya, abin ya zo wa mutane a baƙo.

Matsalar da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce ta kayan aiki. Ganguna da kacau-kacau suna ba da amo, amma ba sa fitar da karin waƙa, piyano kuwa sai an yi shekaru kafin hannu ya faɗa. Masanin kayan kiɗa Curt Sachs, wanda ke kula da wata babbar taska ta irin waɗannan kaya a Berlin, ya ba shi shawarar ya koma ga tsohuwar sarewar katako ta Turai, aka kuwa shigo da ita makarantar. Sai dai abin da ya fi sauya al'amura shi ne wani abin kiɗa na Afirka da aka aiko masa kyauta, sillayen katako da aka jera daga dogo zuwa gajere ana bugawa da 'yan sanduna. Orff ya je wurin abokinsa Karl Maendler, wanda sana'arsa ƙera kakannin piyano ce, ya roƙe shi ya yi masa irinsa a kan ƙaramin akwati mai ƙara sauti. Hikimar irin waɗannan kaya, waɗanda har yau ake amfani da su a makarantun ƙasashe da yawa, ita ce ana iya cire sillayen. Malami yakan bar sautuka biyar kawai waɗanda ba sa karo da juna, ta yadda duk inda ɗalibi ya buga, abin da zai fito ba zai yi wa kunne ciwo ba, tsoron kuskure kuma ya gushe.

A nan wajibi ne a ambaci Gunild Keetman, wadda ta shiga makarantar a matsayin ɗaliba a 1926 ta kuma zama malama a cikinta. Ita ce ta zauna da waɗannan sababbin kaya ta gano yadda ake buga su, ita ce kuma ta tsara kiɗe-kiɗe masu yawa na ƙungiyar rawa ta makarantar, wadda Maja Lex ke jagoranta, inda 'yan rawa da makaɗa sukan yi musayar wuri a tsakiyar wasa. A ra'ayina tarihi bai yi wa wannan baiwar Allah adalci ba, domin tsarin koyarwar ya shahara da sunan Orff shi kaɗai, alhali kaso mai tsoka na abin da ke cikin littattafan aikin hannunta ne.

Daga farkon shekarun 1930 kamfanin ɗab'i na Schott da ke Mainz ya fara fitar da waɗannan darussa da sunan Schulwerk, wato aikin makaranta. Leo Kestenberg, jami'in da ke kula da harkar kiɗa a ma'aikatar ilimi ta jihar Prussia ta Jamus, ya nuna sha'awar a gwada tsarin a makarantun firamare na Berlin, wanda da ya tabbata da ya kai shi ga yara ƙanana kamar yadda Orff ya fara hange. Amma an sauke Kestenberg daga muƙaminsa a 1932, kuma da yake Bayahude ne, da Hitler ya hau mulki a 1933 sai ya bar ƙasar. Dorothee Günther ta shiga jam'iyyar Nazi a wannan shekara, makarantar ta ci gaba da aiki. Orff bai shiga jam'iyyar ba, bai kuma bar Jamus ba, kuma wannan zama da ya yi shi ne abin da masana suke ta muhawara a kai har yanzu.

Ana cikin wannan hali, a ƙarshen watan Maris na 1934, wani mai sayar da tsofaffin littattafai a Würzburg ya aiko masa da wani littafi da aka fara bugawa a 1847, mai ɗauke da waƙoƙin wani kundi na ƙarni na 13, yawancinsu da Latin, waɗanda aka gano a gidan ibada na Benediktbeuern a 1803. Yadda wannan littafi ya zama Carmina Burana, fitaccen kiɗan Orff, da yadda hukumomin Nazi suka karɓe shi a Frankfurt a 1937, shi za mu ɗauko a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.