Da lasifika ta mutu ana tsakiyar wa'azi

Yau wuta ta ɗauke ana tsakiyar wa'azi, lasifika ta yi tsit. Daga layi na goma zuwa baya, bakin mai wa'azi kawai ake gani yana motsi. Nan take cocin Gesu na birnin Rum ya faɗo mini a rai. An aza harsashinsa a 1568, shekara biyar bayan kammala babban taron shugabannin cocin Katolika a garin Trent, lokacin da Katolika suka ƙudura cewa dole wa'azi ya isa kunnen talaka. Sai magini Vignola ya kawar da jerin ginshiƙan da ke raba tsofaffin coci gida uku, masu tare ido da murya. Ya yi zaure ɗaya mai faɗi, ya tura ƙananan ɗakunan addu'a cikin bango hagu da dama, ta yadda duk inda ka tsaya kana ganin bagadi.

Rufin ne ya jawo gardama. Limaman ƙungiyar Jesuit, masu cocin, sun fi son shimfiɗaɗɗen rufin katako, domin katako na shanye amo, shi kuwa rufin dutse mai lanƙwasa yana dawo da murya a makare, kalma ta hau kan kalma. Kadinal Farnese, babban limamin Katolika mai biyan kuɗin ginin, ya dage sai na dutse, kuma nasa aka yi. Ni dai ina ganin limaman sun fi shi gaskiya. Na fito ina ta tunanin tsohuwar da ke kujerar ƙarshe, wadda ko kalma ɗaya ba ta ji ba.