Cire Babbar Tsakuwar Ƙoda ta Ƙaramar Kafa

Da zarar likita ya ambaci tiyata a kan tsakuwar ƙoda, abin da ke zuwa wa dattawanmu a rai shi ne doguwar yanka a kwiɓi da doguwar jinya a gadon asibiti. Wannan fargaba ce ta sa baffana a Kubwa ya daɗe yana shan jiƙe-jiƙen da aka ce suna narkar da tsakuwa, alhali hoton CT ya nuna tasa ta wuce santimita 2. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba sau da yawa takan fita da fitsari, amma mai irin wannan girma ba ta da hanyar wucewa ta siririn bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Idan kuwa ta toshe hanya, ƙodar tana iya lalacewa a hankali ko da ciwon ya lafa.

Aikin da aka yi masa shi ne wanda likitoci ke kira PCNL, wato cire tsakuwar ƙoda ta ƙaramar kafa a baya, wanda likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Fernström da Johansson, suka fara bayyanawa a 1976. Bayan an yi wa majiyyaci allurar barci, akan kwantar da shi, galibi rub da ciki, sai likita ya soka allura ta baya har cikin ƙodar yana duban hoto a na'ura, sannan ya faɗaɗa kafar zuwa kimanin santimita 1. Ta nan ake zura bututu mai kyamara, a farfasa tsakuwar da leza ko wata na'ura mai girgiza, a kwashe gutsattsarin. Akwai hanyar fasa tsakuwa daga waje ba tare da huda fata ba, wadda aka fara a Munik ta Jamus a 1980, sai dai ta fi dacewa da ƙananan tsakuwoyi, domin babba takan bar ɓaraguzan da za su sake toshe hanya.

Ni a ganina, inda mutane suka fi yin sakaci shi ne bayan sun ji cewa ramin ƙarami ne. Ƙoda gaɓa ce mai yawan jini, saboda haka zubar jini na iya kaiwa ga ƙarin jini, kuma tsakuwar da ta yi rassa ta cika cikin ƙoda takan ɓoye ƙwayoyin cuta da za su iya shiga jini su haddasa zazzaɓi mai haɗari. Shi ya sa ake gwada fitsari kafin aiki, ake kuma so majiyyaci ya faɗa wa likita idan yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Wani lokacin ma ba a iya kwashe tsakuwar duka a zama ɗaya.

An sallami baffa bayan 'yan kwanaki da siririyar roba a cikin bututun da ke kai fitsari daga ƙodarsa zuwa mafitsara, wadda ke buɗe hanya har kumburi ya sauka. Wannan roba ba ta dindindin ba ce. Masu zuwa daga Suleja ko Keffi ko ƙauyukan Kwali, idan suka ji sauƙi, sukan ga komawa asibiti ɓarnar kuɗin mota ce, alhali robar da aka bari ta wuce wa'adinta takan tara sabuwar tsakuwa a jikinta, har cire ta ya zama wata tiyatar. Kafin a bar asibiti, ya kamata ɗan rakiya ya karɓi ranar cire ta a rubuce.