Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gidan Tsamiya

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a rasuwar mahaifinmu, Malam. Kafin in shiga maganar rabon gado sai na ba ku labarin gidan kansa, don wanda bai san gidan ba ba zai gane girman abin da Baffa ya yi mana ba.

Gidan ƙasa ne, a wani lungu da ke gangarowa daga Dutsen Dala. Kakan Malam ne ya gina shi da kuɗin goro, zamanin da fatake ke zuwa Gwanja da jakuna. Zaure biyu, soro a sama wanda aka rufe tun ba a haife ni ba, rijiya a tsakar gida, sai tsamiyar da ta lulluɓe rabin gidan da inuwa. Ita ta ja mana suna. A unguwa ba mai cewa gidan Malam, sai gidan tsamiya. Marasa kunya kuwa su ce gidan aljanu.

Ba zan ce muku ba mu ji komai ba. Mun ji. Cikin dare akan ji daka, alhali an kife turmi tun la'asar. Guga kan motsa a bakin rijiya ba kowa a wurin. Da damina soron sama ya riƙa ƙara, Malam ya ce gara ce ke cin azara, Gwaggo ta ce sam, mutanen ɓoye ne. Kowa ya riƙe tasa aka ci gaba da zama. Mu yara da ƙa'ida muka tashi: ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai da bismillah, ba a shara da dare, ba a tsugunno a gindin tsamiya, ɗakin da ba kowa ma sai ka yi sallama. Da an kira magariba kakarmu Iya ta kora mu ɗaki, ta tofa mana Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, ta zuba turare a kasko. Gari ya waye mu ja ruwa a rijiyar nan, mu tsinci tsamiyar nan. Kunun tsamiyar azumi duk lungun daga bishiyarmu ake damawa, har da gidajen da ke hana 'ya'yansu shigowa wasa.

In muka zo da kuka an tsokane mu a makarantar allo, Iya ba ta rarrashi. Sai ta ce, "Ke, share hawayenki. Aljani bai taɓa cin gadon maraya ba." A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Yaya. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, sai wata gwaggon yaron ta ce ba za a kawo musu mai iska cikin zuri'a ba. Yarinyar da ko zazzaɓi ba ta cika yi ba! Aka aiko a karɓi kaya. Kwana ta yi tana kuka a ɗakin Inna mahaifiyarmu, kuma daren nan ko motsi gidan bai yi ba. Allah ya musanya mata da wanda ya fi, yau jikokinta sun cika gida a Zariya, amma ni ban manta ba.

Sai ruwan Agustan 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle. Gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a cikin birni. Namu ko tsagewa bai yi ba, saboda duk shekara kafin ruwa ya sauka Malam sai ya kira magina an yi yaɓe, an shafe da makuba, an gyara indararo. Waɗanda ke ratse ƙofarmu da rana su ne suka shimfiɗa tabarmi a zaurenmu da 'ya'yansu. Ruwa na ɗaukewa suka koma cewa ai aljanu ne suka tare ginin. Wahalar Malam ba wanda ya ambata.

Bara na bi ta lungun a Adaidaita Sahu, na tarar da shagunan bulo a jere, an sare tsamiyar, an cike rijiyar. Masu haya sun cika wurin, ban ji an ce wani ya zauce ba. Kuɗin hayar kuwa kun san aljihun da yake shiga.

Don Baffa ne, ɗan kishiyar Iya, ya zo bayan sadakar arba'in ya zauna a zaure yana girgiza kai. Ya ce da Inna, "Yaya, gidan nan ba mai saye, kowa tsoronsa yake. Ki ceci yaran nan tun wani abu bai same su ba." Mutumin da a gidan aka yanke masa cibiya, ya sha ruwan rijiyar har ya yi gemu. Ya kawo mai ruƙiyya, ya kawo dillali, aka karya kuɗin gida a gaban marayu. Iya ta riga ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma ina bayan ƙyaure ina jin maganarta a kunnena: aljani bai taɓa cin gadon maraya ba.

Wanda ya sayi gidan da sunan baƙo, da yadda muka gano ko yaron wane ne, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.