Ziyarata Sidni: Titin George, Lambunan Bakin Ruwa da Rigimar Lokacin Rufe Mashaya

A watan azumin shekarar 2024 na kai wa ƙanina ziyara a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, inda yake karatu. Daga Abuja muka tashi zuwa Doha, daga can kuma jirgi ya yi wajen awa 14 a sama, mafi yawan lokacin a kan teku, kafin ya sauke mu a filin jirgin sama na Kingsford Smith. Lokacin kaka ne a wancan ɓangaren na duniya, rana ba ta da zafi, iskar teku kuma tana kaɗawa da yamma, don haka azumin bai yi mini nauyi ba, har na sami damar zaga tsakiyar birnin da ƙafa yadda nake so. Jirgin ƙasa ya ɗauke mu daga filin jirgi zuwa tashar Central, muka fito muka shiga Titin George, wanda ya ratsa tsakiyar birnin daga wajen tashar har bakin ruwa a Circular Quay.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne rashin hayaniyar mota. Wannan titi yana cikin mafi tsufa a ƙasar baki ɗaya, kuma ƙanina ya gaya mini cewa kafin 2015 motocin safa ne suke jeruwa a kansa bi da bi safe da yamma, hayaƙi ya turnuƙe, masu tafiya a ƙasa kuma su takure a gefe. Yanzu an shimfiɗa masa duwatsu daga bango zuwa bango, an dasa itatuwa, an ajiye kujeru, babu abin da ke ratsa tsakiyarsa sai ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda tsawonsa ya kai mita 67 idan an haɗa biyu. Tsakanin Circular Quay da ginin majalisar birni ko wayar lantarki ba a gani a sama, domin daga ƙasa jirgin yake jan wutarsa, ta wani layi da ke tsakanin dogo biyu wanda ba ya ɗaukar wuta sai jirgin yana kansa. Na tsaya na daɗe ina kallon yadda tsofaffi da mata masu tura keken jarirai suke tsallaka titin ba tare da gudu ko waige-waigen tsoro ba.

Wannan sauyi yana da tarihi mai tsawo. Sidni ta taɓa mallakar ɗaya daga cikin manyan hanyoyin irin wannan jirgi a duniya, amma aka tumɓuke su don a bai wa mota wuri, na ƙarshensu ya tsaya a 1961. A 2007 magajiyar garin, Clover Moore, wadda take kan kujerar tun 2004, ta gayyaci masanin tsara birane ɗan ƙasar Denmak, Jan Gehl, ya nazarci tsakiyar birnin. Shawarar da ya bayar ita ce a mayar da Titin George ga masu tafiya a ƙasa, a haɗa bakin ruwa da tashar jirgin ƙasa da hanya guda mai daɗin bi. Gwamnatin jihar New South Wales, wadda Sidni ke cikinta, ta ɗauki aikin, majalisar birni ta zuba dalar Ostareliya miliyan 220 a ciki, aka rufe titin a watan Oktoba na 2015, jirgin kuma bai fara ɗaukar fasinja ba sai a Disamba 2019.

Waɗannan shekaru huɗu sun yi wa masu shaguna tsanani, kuma bai kamata kyan titin a yau ya sa a manta da su ba. An yi kiyasin aikin zai ci biliyan 1.6, ya ƙare a kusan biliyan 3, ya kuma wuce wa'adin da aka ɗiba masa. Shingen gini ya tare ƙofofin shaguna, ciniki ya faɗi, wasu suka rufe ba su sake buɗewa ba, wasu kuma suka haɗu suka kai hukumar sufuri ta jihar kotu. Duk wanda zai yaba wa gwamnati kan wannan titi, ya dace ya tambaya wa ya ɗauki asarar lokacin da ake haƙa. A ganina, diyyar ƙananan 'yan kasuwa ya kamata ta shiga cikin lissafin irin wannan aiki tun ranar farko, kamar yadda kuɗin siminti da ƙarfe yake shiga. Duk da haka, da na tuna yadda muke murnar kowace gadar sama da aka gina wa motoci a Kano, alhali mai tafiya a ƙasa yana rasa inda zai tsallaka, sai na ga cewa mutanen Sidni sun zaɓi abin da ya fi amfanar mafi yawan jama'a.

Daga titin na karkata gabas zuwa lambun Hyde, wanda shi ne wurin shaƙatawar jama'a mafi daɗewa a Ostareliya, tun da gwamna Lachlan Macquarie ya keɓe shi a 1810. Wasu manyan itatuwa dangin ceɗiya sun yi layi biyu a tsakiyarsa, rassansu sun haɗe a sama sun yi rumfa. An dasa su ne bayan da aka farke lambun a shekarun 1920 don gina hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙasar da aka mayar ba ta da kyau, shi ya sa cuta ta kama saiwoyin wasunsu har aka sare su, ana dasa sababbi a hankali. Ma'aikatan ofis suna cin abincin rana a kan ciyawa, a ƙarshen lambun ta kudu kuma akwai ginin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, wanda aka buɗe a 1934 aka kuma faɗaɗa shi a 2018.

Amma lambun da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Barangaroo, a arewa maso yammacin tsakiyar birnin. Wurin a da tashar jiragen ruwa ce ta sauke kwantena, fili ne na kankare da aka katange, babu mai shiga sai ma'aikaci. A zamanin karayar tattalin arziki na shekarun 1930, 'yan dako sukan bi titin da ke gefensa daga wannan mashigi zuwa wancan suna neman aikin yini, da yawansu su koma gida hannu rabbana. A 2015 aka buɗe shi a matsayin lambu mai faɗin hekta 6, bayan an sake gina tudun da gaɓar ruwan su yi kama da yadda suke kafin a rushe su don gina tashar. An yanko tubalan dutse wajen 10,000 daga cikin ƙasar wurin aka jera su a bakin ruwa kamar matakala, aka dasa tsirrai fiye da 75,000, dukkansu irin waɗanda asalinsu na yankin ne. Sunan kuwa na wata mace ce daga mutanen asalin ƙasar, wadda ta rayu a lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788, kuma tana da faɗa a ji a cikin mutanenta. Na zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun nan da la'asar, ruwa yana shigowa tsakaninsu yana komawa, yara suna leƙen ƙananan halittun da ke maƙale a jiki, babbar gadar birnin tana hannun dama. Babu kuɗin shiga, babu mai gadin da zai tambaye ka abin da ya kawo ka.

Ana juyawa kudu kuma sai ido ya ci karo da dogon benen Crown mai tsawon mita 271, wanda ya fi kowane bene tsawo a birnin, a cikinsa akwai otal da gidan caca. An gina shi a kan filin gwamnati da ke bakin ruwa, kuma har yau akwai mutanen Sidni da ba su yafe wannan ba. A nan ne ƙanina ya ce da ni, "Yaya, in kana son ka fahimci garin nan, sai ka ji labarin dokar rufe mashaya, domin wannan unguwar ba ta shiga cikinta ba."

Labarin ya faro ne daga unguwar Kings Cross, wadda ta yi suna da mashaya da gidajen rawa. A 2012 wani matashi ɗan shekara 18 yana tafiya a titi, wani da ya bugu ya kai masa naushi guda, ya faɗi kansa ya bugi ƙasa, ya rasu. A daren shiga shekarar 2014 aka sake yin irin wannan kusan a wuri guda, wani ɗan shekara 18 ya sake rasa ransa. Jama'a suka fusata, likitocin asibitin St Vincent's da ke kusa, waɗanda su ne suke ɗinke fasassun kawuna kowane ƙarshen mako, suka matsa wa gwamnati lamba. A watan Fabrairu na 2014 gwamnatin firimiyan jihar, Barry O'Farrell, ta kafa doka a tsakiyar birnin da Kings Cross: daga ƙarfe 1:30 na dare ba a barin kowa ya shiga mashaya, daga ƙarfe 3 kuma a daina sayar da giya, shagunan da ke sayar da ita a kwalba a duk faɗin jihar su rufe da ƙarfe 10.

Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma da na fara jin labarin zuciyata tana tare da dokar ɗari bisa ɗari. Alƙaluman hukumar ƙididdigar laifuka ta jihar sun nuna cewa duke-duke sun ragu da kusan rabi a Kings Cross, kuma ran ɗan mutum guda da aka tsare ya fi ribar kowace mashaya. Sai dai akwai sauran bayani. Wani ɓangare na raguwar ya samu ne saboda mutane sun daina zuwa unguwar gaba ɗaya, wani ɓangare na rigimar kuma ya koma unguwannin da dokar ba ta shafa ba, irin su Newtown. Gidajen da makaɗa suke wasa sun rufe, masu sayar da abinci da direbobin tasi da masu aikin dare suka rasa ciniki, dubban mutane suka yi zanga-zanga a 2016 suna neman a bar garin a buɗe. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne an ja layin dokar ta yadda babban gidan cacar The Star da ke Pyrmont da kuma filin Barangaroo suka kasance a waje. Idan manufar ita ce kare rayuka, babu hujjar da za ta sa a rufe wa ƙaramin ɗan kasuwa ƙofa a bar ta babban attajiri a buɗe har asuba. An sassauta dokar bayan bitar da wani tsohon alƙali ya yi a 2016, aka ɗage ta daga tsakiyar birnin a Janairu 2020, daga Kings Cross kuma a Maris 2021, har gwamnatin jihar ta naɗa kwamishina na musamman mai kula da harkokin kasuwancin dare.

Abin da na lura da shi, wanda ban ji ana yawan faɗa ba, shi ne cewa shekarun da aka yi ana kashe biliyoyi don a jawo mutane su taka Titin George da ƙafa su ne dai shekarun da doka take korar su gida da dare. Muhawarar kuma ta maƙale a kan ƙarfe nawa za a daina zuba giya, kamar babu wani abin da ɗan Adam zai fito yi bayan isha sai sha. Na bi titin da misalin ƙarfe 11 na dare a tsakiyar mako, fitilu suna haske, jirgin yana wucewa, amma mafi yawan shaguna da gidajen abinci sun rufe. Wanda ya fito da iyalinsa a wannan lokaci ba shi da inda zai zauna, kuma titin da babu iyalai da tsofaffi a cikinsa, masu maye ne suke mallakarsa, ko an rufe mashaya da ƙarfe 1 ko da ƙarfe 5.

Hujjar da ta ƙara tabbatar mini da wannan ra'ayi na same ta ne a Lakemba, wata unguwa a kudu maso yammacin birnin da Musulmi suke da yawa, inda 'yan asalin Labanan suka gina babban masallaci tun shekarun 1970. Mun je can muka yi buɗa-baki, muka yi tarawihi, sannan muka fito Titin Haldon. A azumin wannan shekarar ta 2024 ana hana motoci bin wannan titi da dare, a kafa rumfunan abinci a gefe da gefe: gasasshen naman raƙumi a cikin burodi, kunafa, wani kayan zaƙi na Larabawa, mai zafi da ake juyewa daga faranti, shayi da gahawa, da abincin mutanen Bangaladash da Pakistan da Siriya. Majalisar yankin Canterbury-Bankstown ce take shirya shi, kuma mutanen da suka zo a cikin watan a wannan shekarar sun haura miliyan guda, da yawansu ba Musulmi ba ne. A lokacin ana kaiwa har kusan lokacin sahur, cunkoso ya kai mutum ba ya iya sauri, amma ban ga faɗa ba, ban ga wanda ake riƙewa don kada ya faɗi ba, ga yara a kafaɗun iyayensu da ƙarfe 1 na dare. Mazauna unguwar suna da nasu ƙorafin game da hayaniya da shara da rashin wurin ajiye mota, wasu dattawa kuma suna ganin cin kasuwar ya fara danne ibadar, kuma duka biyun magana ce da ya dace a saurara.

Da muka tashi komawa gida jirgin ƙasa ya riga ya daina aiki, domin a Sidni yakan tsaya bayan tsakar dare sai gab da asuba, ƙaramin jirgin Titin George shi ma yana tsayawa wajen ƙarfe 1. Motar safa ta dare muka jira, muka shiga tare da masu share ofisoshi da ma'aikatan asibiti da masu dafa abinci da suka tashi daga aiki. Waɗannan su ne mutanen da suka fi kowa amfani da daren birnin, kuma da za a tambaye su abin da suke buƙata, ina kyautata zaton jirgin da zai yi aiki har gari ya waye za su fara ambata kafin lokacin rufe mashaya.