Inda Aka Kwana a Aikin Mayar da Rumbu Gidan Zama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon gyaran tsofaffin gine-gine. Ga bayanin inda aikinmu ya kai a wani ƙauye na gundumar Leicestershire a Ingila, inda nake koyo a hannun wani dattijon magini da aka ba shi aikin mayar da tsohon rumbun sussuka gidan zama. Ginin na jan bulo ne, dogo, yana da manyan ƙofofi biyu masu fuskantar juna a tsakiyarsa, waɗanda a da ake buɗewa domin amalanke ya shiga da damman hatsi, iska kuma ta ratsa a yi shiƙa. Babu taga ko ɗaya a jikinsa sai 'yan kafofin shan iska da aka bari tsakanin bulo.

Izinin da aka bi shi ne wanda dokar tsara gine-gine ta 2015 ta tanada a ƙarƙashin rukunin Q, tanadin da ya fara aiki tun 2014 da wani suna. Manufarsa ita ce manomi ya iya mayar da ginin gona gida ba tare da neman cikakken izinin gini ba, amma wajibi ne ya fara miƙa wa ƙaramar hukuma takarda ta duba wasu abubuwa ƙayyadaddu, kamar hanyar shiga daga titi, haɗarin ambaliya, gurɓacewar ƙasa, hayaniya, kamannin ginin daga waje, da ko ɗakunan za su sami isasshen hasken rana. Hukumar tana da kwana 56 ta ba da amsa. Daga watan Mayu na 2024 aka faɗaɗa tanadin: a da gidaje biyar ne iyaka, yanzu ana iya fitar da goma, jimillar faɗinsu kada ta wuce murabba'in mita 1,000, kowane gida kuma kada ya wuce 150. Wannan sauƙi bai shafi ginin da ke cikin jerin kayan tarihi ba, haka nan wanda yake cikin gandun shaƙatawa na ƙasa ko unguwar da aka keɓe don kare kamanninta. Waɗannan sai sun bi doguwar hanya.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne, izinin na gyara ne, ba na sabon gini ba, kuma a nan ne takardun mutane da yawa suke faɗuwa. A shekarar 2016 Babbar Kotu ta yanke hukunci a shari'ar Hibbitt, wadda ta taso daga yankin Rushcliffe na Nottinghamshire, a kan wata rumfar ƙarfe da galibin ɓangarorinta a buɗe suke. Kotun ta tabbatar da cewa aikin da ake buƙata kafin wannan rumfa ta zama gida ya zarce gyara, ya koma gini daga farko, saboda haka tanadin bai rufe shi ba. Tun daga lokacin, jami'an tsara gine-gine suna fara tambayar ko bangon da ke tsaye da itatuwan rufin za su iya ɗaukar nauyin gidan. Shi ya sa kafin mai zane ya ja layi ɗaya sai da aka kira injiniya. Ya sa muka haƙa ƙananan ramuka a gindin bango don a ga zurfin harsashi, ya auna karkatar bangon, ya kuma bi azarorin itacen oak ɗaya bayan ɗaya yana soka musu tsinken ƙarfe. Inda itacen yake da lafiya tsinken ba ya shiga, inda ruwa ya ci shi kuwa sai ya nutse ya fito da gari. Rahotonsa ya nuna cewa bakin azara guda ne kawai ya ruɓe, kuma za a iya yanke wurin a haɗa masa sabon itace. A ganina wannan rahoto shi ne ƙashin bayan takardar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya yi tsimin kuɗi a kansa zai biya ninki daga baya.

An ba da amincewa, tare da sharaɗin dokar cewa a kammala aikin cikin shekara uku. Mai zanen ya yi hikima da bai huda bangon da tagogi barkatai ba. Manyan ƙofofin nan biyu ya cike da gilashi, sai hasken da suke kawowa ya wadaci falo da matakala, ginin kuma ya ci gaba da kama da rumbu ga wanda ya hango shi daga titi.

Batun jemagu ne ya fi jan lokaci. Dokar kare namun daji ta 1981 da ƙa'idojin 2017 sun haramta lalata makwancinsu ko da ba sa ciki a lokacin, kuma amincewar ƙaramar hukuma ba ta ɗauke wa kowa wannan nauyi. Masanin da ya zo ya ga kashinsu a ƙasa daidai ƙarƙashin tsakiyar rufin, tare da fukafukan malam-buɗe-littafi na dare da suka ci suka yar, alamar da ta nuna masa cewa jemagu masu dogon kunne ne. Ƙirgarsu ba ta yiwuwa sai tsakanin Mayu da Satumba, da almuru, da na'urar da ke kama sautin da kunnen mutum ba ya ji. Wanda ya makara, sai ya jira wata shekarar. Yanzu ana jiran lasisi daga Natural England, hukumar kare muhalli da namun daji ta Ingila, kafin a taɓa rufin, an kuma ware musu wani sashe a saman silin. Har shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin rufi sai da aka sauya, domin irin ta zamani zarenta yana warwarewa ya naɗe ƙafafunsu har su mutu, don haka aka koma ga tsohuwar mai kwalta.

Tunda rufin ya tsaya, sai muka duƙufa a kan bango, kuma a nan ne na fi ƙaruwa. Asalin ginin da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka yi shi, amma wani ya taɓa cike gaɓoɓin bangon yamma da siminti, kuma ɓarnar a bayyane take: simintin yana nan daram, fuskokin bulon da ke kewaye da shi kuwa sun ɓantale. Dalili shi ne kwaɓin farar ƙasa ya fi bulo laushi, kuma ta cikinsa danshi yake fita. Idan aka toshe shi da siminti sai ruwan ya taru a cikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, ya fasa. Duk wanda ya ga yadda filastar siminti take ɓamɓarowa daga katangar ƙasa a Kano ko Zariya bayan damina, ta bar bangon a jiƙe, ya riga ya san wannan ciwo.

Ga yadda maigidana yake yi. Da guduma da siririn kurfi ake cire tsohon cikon, ba da injin yanka ba, don injin yana cin gefen bulo. Ana raraka gaɓar har zurfinta ya kai ninki biyu na faɗinta, a share ƙura, a jiƙa wurin sosai don kada busasshen bulo ya tsotse ruwan kwaɓin. Kwaɓin kuwa kashi ɗaya ne na farar ƙasa ga kashi uku na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, a kwaɓa shi da tauri yadda zai zauna a kan cokalin gini ba tare da ya zube ba. A danna shi ciki da ƙarfi, a bar shi har sai babban yatsa ya daina lotsa shi amma farce yana iya kartarsa, sannan a bubbuga shi da burushi mai tauri har ƙwayoyin yashin su fito. Daga nan sai a rufe bangon da jiƙaƙƙen algarara, saboda farar ƙasa a hankali take ƙarfi ta hanyar shan iskar kabon, kuma idan rana ko iska ta busar da ita da wuri sai ta tsattsage. Ina roƙonku kada ku taɓa ta ba safar hannu da tabarau, domin tana ƙona fata, kuma ɗigo ɗaya a ido babban haɗari ne. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877 tana koyar da wannan aiki har yau, ga mai son ya gani da idonsa.

Mun gama bangon yamma da rabin na kudu. Za mu dakata da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, tunda ɗanyen kwaɓi ba ya jure daskarewa, sai mu koma ciki mu fara haƙar daɓe. Shawarar da ake kai yanzu ita ce a yi sabon daɓen da farar ƙasa maimakon kankare da leda, don kada danshin ƙasa ya rasa mafita ya hau bango, kuma jami'in duba ingancin gini, wanda aikinsa daban yake da na masu ba da izini, ya nemi a kawo masa lissafin riƙe ɗumi kafin ya sa hannu. Wanda ya taɓa yin irin wannan daɓe a cikinku, ina buƙatar jin kaurin da ya ba shi da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya bushe.