Ranar da jerin magungunan POM-S ya ɗaure min hannu

Duk wanda ke aikin kula da ƙafa a nan Ingila ya san murnar da ake yi in ka buɗe rajistar HCPC, hukumar da ke yi mana rajista, ka ga POM-A da POM-S a gefen sunanka, wato izinin yin wasu allurai da izinin ba da wasu magunguna. Na farkon ba ni da matsala da shi, allurar kashe zafi ce irin su lidocaine da mepivacaine, ka yi wa mutum ka cire masa farcen da ya shige nama, shikenan kowa ya kama gabansa. Na biyun ne har yanzu in na tuna nake jin haushi.

A ƙarƙashin POM-S, dokar magunguna ta 2012 ta yarda mu ba mara lafiya wasu magunguna ba tare da takardar likita ba, amma a ƙidaye suke. A ɓangaren antibayotik na sha guda uku ne kacal, amoxicillin, flucloxacillin da erythromycin, sai su co-codamol na ciwo da amorolfine na farce da 'yan kaɗan. Abin da babu a ciki to babu, ko da kuwa ka fi kowa sanin shi ne ya dace.

Wata Juma'a da yamma wani dattijo ɗan Kumasi mai ciwon suga ya zo kilinik ɗin da nake aiki, gyambo ne a ƙarƙashin babban yatsa, gefen ya yi ja ya ɗau zafi, safarsa har ta manne da ruwan ciwon sai da na jiƙa ta kafin ta fita. Da na ce zan ba shi flucloxacillin sai ya ce "a'a ɗana, penicillin ba ya shiri da jikina, kumburi nake yi". Nan take biyu sun fita saboda duk dangin penicillin ne. Saura erythromycin, na ce Baba wane magani kuke sha a gida, ya zazzage leda a kan tebur sai ga simvastatin na rage kitsen jini, shi kuma ba a haɗa su don yana iya lalata tsoka. Wallahi na san doxycycline yake buƙata, yana cikin ƙa'idar NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila, ga masu irin matsalarsa, kemis na nan tsallaken titi, amma ba ya cikin jerina. A gida Najeriya da tuni wani yaron kemis ya ƙirga masa a takarda, ba wai ina yabon hakan ba ne, amma ranar sai da na tuna.

Haka na wanke ciwon na naɗe, na zagaye iyakar jan da biro don a gane in ya ƙaru, na hau waya ina neman GP ɗinsa, wato likitansa na unguwa, ana ta sa min kiɗa, Baba na zaune yana kallon agogo wai jikansa zai ɗauko. Allah Ya taimaka aka samu likitan da ke bakin aiki ya tura wa kemis takardar magani kafin a rufe, da sai dai 111, layin wayar neman taimakon lafiya, ko sashen gaggawa, kuma ƙafar mai suga ba ta jiran Litinin. Na tura shi wurin tawagar ƙafar masu suga ta asibiti.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, ko maganin na cikin jerin, in ka rubuta wa kemis oda da sa hannunka ba takardar NHS ba ce, wato ta tsarin lafiya na gwamnati, mutum zai biya daga aljihunsa, alhali mai shan maganin suga kyauta yake karɓa a Ingila in yana da katin da ke ɗauke masa biyan kuɗin magani. Gara ka faɗa masa tun yana kan kujera.

Yanzu tun wurin ba da lokaci nake sa a tambayi mutum maganin da jikinsa bai karɓa, kuma ya taho da ledar magungunansa gaba ɗaya. Tun 2013 doka ta ba mu damar yin kwas mu riƙa rubuta magani da kanmu, na daɗe ina ja da baya saboda kuɗi da neman wanda zai duba ni a aikace, amma a satin nan na cike fom.